Katifar da Na Kai Rana

Har yau idan na shiga gidan mutane aka ce in zauna a bakin gado, sai in ji hannuna ya zame da kansa ya lalubi gefen katifa, daidai wurin ɗinkin nan. Ba da gangan nake yi ba. Matar yayana ta ce in daina, wai wata rana zan ja mana zagi a gidan suna. Ina dai ƙoƙari.

A Alƙahira nake, a unguwar Hayyin Ashir, hawa na biyar, tare da yayana da matarsa da ƙaramar 'yarsu. Shi karatun shari'a ya kawo shi. Ni da na gama sakandare a gida sakamakon bai kai ni jami'a ba, sai ya ce in zo in shiga makarantar koyon Larabci, in riƙa taya matarsa zama. Takardar zamana a ƙasar, wadda a nan kowa ke ce wa iƙama, ta ɗaliba ce. Ba ta ba ni izinin aiki ba. Amma da yawa daga cikin 'yan matan da na sani a unguwar haka suke: aiki da safe, karatu da yamma.

Wadda ta samo min aikin wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta ne suka taso da ƙafa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Ita kuma rayuwa ta gangaro da ita Masar tun ina goye. Goggo nake ce mata. A wani ƙaramin otal take aiki a unguwar Muhandisin, ɗakin wanki ne a hannunta, can saman bene. Ni aka ba ni gyaran ɗakunan hawa na uku.

Ranar da na fara, shugabar masu gyaran ɗaki, wadda muke ce wa Madam, ta nuna min wata takarda da ke rataye a bayan ƙofar ɗakin ajiya. Ta ce duk wadda ta ga ƙwaro a ɗaki, kowane iri ne, ta rubuta lambar ɗakin a nan. Za a rufe ɗakin, a kira masu feshi. Na ce tamam.

Da muka fito za mu shiga mota Goggo ta kama hannuna.

"Takardar nan da aka nuna miki, ya bitti, 'yata, kallo kawai ake yi mata."

Na ce, "Kamar yaya, Goggo?"

Ta ce bara wata yarinya da ke zuwa daga unguwar Ard al-Liwa ta ga kuɗin cizo ta rubuta. An yi feshi, an gama lafiya. Washegari aka zazzage jakarta a gaban kowa, aka ce daga gidansu ta kwaso shi, ai an san irin cunkoson da baƙaƙen fata ke kwana a ciki. Ba a sami komai a jakar ba. Duk da haka ba ta ƙara kwana biyu a wurin ba.

"Ke kuma daga Ashir kike zuwa," in ji Goggo. "Sai ki san inda ke miki ciwo."

Na yi wata bakwai ba abin da ya faru. Na iya aikin, har Madam ta fara nuna wa sababbi gadon da na gyara. Sai wata safiya, cikin zafin nan da ko bango ba ya jinginuwa, na shiga ɗaki na goma sha huɗu bayan baƙon da ke ciki ya tafi. Na yaye zanen gado, na ɗaga katifa zan cusa sabo, sai idona ya faɗa kan wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jikin ɗinkin, kamar an yarfa tawada. Kafin ma in gan su da rai hancina ya riga ya gane. Duk wanda ya taɓa jin warin nan ba ya mantawa. Na sa farce na buɗe ɗinkin, ga su nan kwance, uku ko huɗu, sun sha sun ƙoshi.

A gidanmu ba a kiran sunansa. Idan Inna ta gan shi, abin da za ta ce kawai shi ne, "Yau ranar shanya ce." Sai a fito da tabarmi da katifun auduga a baza a tsakar gida, wasu a kan katanga. A ɗora babbar tukunya, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gadon ƙarfe. Da la'asar a sa sanda a bubbuge. Idan maƙwabciya ta shigo ta tambaya, Inna ta ce, "Sanyi ne ya kama su." Domin macen da aka ce ɗakinta da kuɗin cizo, sunan ƙazama ya bi ta ke nan har gidan 'ya'yanta. A haka na tashi: ba a faɗa, rana ake kai wa ƙara.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin. Takardar nan tana ƙarshen baranda, biro ma na rataye a jikinta. Na tuna jakar yarinyar Ard al-Liwa. Na kuma tuna cewa sabon baƙo ba zai shigo ba sai ƙarfe huɗu, ga rana a waje kamar ta dafa ƙwai. A raina na ce, ai wannan ƙaramin aiki ne.

Na kifa katifar a kan keken da muke ɗibar kayan wanki, na lulluɓe ta da zannuwa, na tura ta cikin lif ɗin ma'aikata. Nauyinta ya kusa karya min ƙugu. Da na fito saman bene, Goggo na shanya tawul. Ta dubi katifar, ta dube ni.

"Me zan gani haka?"

Na ce, "Sanyi ne ya kama ta."

Sai da ta yi dariya har ta dafa igiya. "Sanyi! A wannan wutar? Kai, jinin Hausa ba ya ɓuya. Kakata ma haka take cewa." Ta leƙa matakala ta ga ba kowa. "Yalla, kama can. Ni dai ban ga komai ba."

Muka shimfiɗa ta inda rana ta fi duka. Na koma ɗakin, na tafasa ruwa a butar shayin baƙi, na bi katakon gadon lungu-lungu ina tsiyayawa, ina gogewa. Wajen ƙarfe uku na hau na taɓa katifar, sai da na janye hannu don zafi. Na bubbuge ta, na mayar, na gyara gadon da kyau fiye da kullum. Ba zan ɓoye ba, har wani daɗi na ji. Na ga kamar na yi wa otal ɗin alherin da ba su ma sani ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, katifar otal ba katifar Inna ba ce. Kaurinta ya kai kamu biyu, ga ƙarafa a ciki da sarari. Rana ta gasa bayanta kawai, su kuwa suka nutsa can ciki inda ke da sanyi suka jira. Allon kan gadon ma, mai soso da yadi, a manne yake da bango. Ko ta kansa ban bi ba.

Wadda ta shigo ɗakin wata mata ce Bamasariya da ke zaune a ƙasar waje, ta zo bikin ƙanwarta. Mutuniyar kirki. Ta tambaye ni daga ina nake, ta ba ni alewa mai takardar zinariya, ta nuna min rigar bikin a rataye, mai gajeren hannu, launin sararin sama. Ta ce wata uku tana neman irinta.

A rana ta uku na fito daga lif na tarar da ita a ƙofar ɗakin tare da Madam da manaja. Hannayenta, wuyanta, har kumatunta na hagu, duk sun tashi jere-jere, ja wur, wasu sun ɗuri ruwa. Ido ɗaya ya kusa rufewa. Ashe jikinta ba ya ɗaukar cizon kamar na sauran mutane. A hannunta akwai kofin gilashi da ta rufe da faranti, ta kama biyu a ciki. Ran nan ne bikin. Ba ta ɗaga murya ba, hawaye kawai ke zuba. Da ta gan ni tsaye da tawul a hannu, sai ta ce:

"Kar ki tsorata, habibti. Ba laifinki ba ne."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Aka kai ta asibiti, aka rufe ɗakin, masu feshi suka zo, aka fitar da katifar ta ƙofar baya. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni ma na ja bakina na yi shiru, Goggo ma haka. Zafi ya wuce, sanyi ya shigo. Na fara ganin kamar maganar ta mutu.

Wata rana ina tsakiyar wankin banɗaki Madam ta leƙo ta ce ana nemana a ofishin manaja. Na tarar da wani mutum mai ƙiba da jakar fata a kan cinya. Aka ce lauyan otal ne. Ya yi min murmushi, ya ce in zauna, har ya sa aka kawo min shayi.

Ya ce matar nan ta kai otal ɗin kotu, tana neman diyya: ciwon da ta sha, asibiti, da bikin da ba ta halarta ba. Kotu za ta turo wani ƙwararre ya duba wurin ya ji ta bakin ma'aikata, ya rubuta wa alƙali abin da ya gano. Su kuma otal maganarsu ita ce ɗakin tsaf yake, ita ta zo da ƙwarin a akwatinta, ai matafiya ba inda ba sa ajiye kaya.

Ya turo min takarda, yana kirana samra, wato baƙar yarinya. "Layi uku ne kawai, ya samra. Ke kika gyara ɗakin, kin duba, ba ki ga komai ba. Ki sa hannu, ranar da mutumin ya zo ki maimaita masa. Khalas, shi ke nan."

Na kai hannu zan ɗauka, sai na ga wata takardar a ƙarƙashin hannunsa. Hoton fasfona ne, da shafin iƙama. Ya bi ta da yatsa kamar mai share ƙura.

"Ɗaliba ce ke, ko? Masha Allah. Ga karatu ga aiki. Yaushe ma za ki sabunta wannan?"

Na ce saura wata biyu.

"Allah ya sawwaƙe. Wani lokaci sabuntawar nan takan yi wuya."

Na gane. Na ce Larabcina bai nuna ba tukuna, ina so in kai gida a karanta min. Ya ce ba matsala, mutumin kotu sai ranar Lahadi zai zo.

A motar komawa Ashir ban san lokacin da muka wuce gada ba. Takardar na cikin jakata kamar garwashi. Bayan la'asar, da Yaya ya dawo muka zauna cin abinci, na ajiye cokali na faɗa musu komai, tun daga ɗigon tawada har shayin lauya.

Matar Yaya ce ta fara magana. "Tsaya, tsaya. Katifar Turawa kika ɗauka kika kai rana kamar tabarmar kaba? Ke dai Inna ta gama da ke!" Ta fara dariya, sai ta ga fuskata ta haɗiye.

Yaya ya karanta takardar sau biyu. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Wannan ita ce shahadatuz zur," in ji shi. "Shaidar ƙarya. Tana cikin manyan zunubai, ba saɓani a kai. Bara ma na rubuta jarrabawa a kanta, na ci da kyau." Ya yi wani murmushi da ba na daɗi ba. "A littafi abin ba wuya."

Na ce, "Yaya, idan na ƙi za su sa a hana ni iƙama."

"Na sani."

"Kuma gidan nan da sunanka aka kama. Idan suka bi sawu fa?"

"Shi ma na sani."

Ni a zatona wa'azi zai yi min. Sai ya ce, "Ni na kawo ki garin nan, kuma ina gani kika fara aikin ban hana ba. Ba zan zauna a kan tabarma in ce ki yi jarumta ba. Abu ɗaya zan ce. Idan aka mayar da ke gida saboda kin faɗi gaskiya, ni zan raka ki filin jirgi, ni zan kira Inna in yi mata bayani. Ba mai ce miki kin jawo abin kunya."

Washegari a mota na tambayi Goggo. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ni idan an tambaye ni, idona ya tsufa, hazo-hazo nake gani. Amma ba wanda ya ce in sa hannu a komai. Ke aka ce." Can da muka kusa sauka ta ƙara da cewa, "Matar nan kuwa, ashe har alewa ta ba ki?"

Kwanakin nan uku Madam ta riƙa tambayata takarda, ina cewa na manto ta a gida. Ban yanke shawara ba, Allah ya sani. Har safiyar Lahadi ban san me zai fito daga bakina ba.

Mutumin kotu wani dattijo ne siriri, da tabarau da rigar sanyi ta saƙa. A cikin ɗakin na goma sha huɗu ya zauna, a kan kujera kusa da taga, da littafinsa a cinya. Manaja na tsaye, lauyan otal na tsaye, ga wata matashiya da aka ce ita ce lauyar matar. Ita matar ba ta zo ba, ta koma inda take zaune. Aka kira ni.

Ya ce, "Ke kika gyara ɗakin nan kafin ta shigo, 'yata?"

Na ce e.

"Kin ga wani abu?"

Idona ya faɗa kan ƙusar da ta rataya rigar bikin. Ba komai a jiki yanzu. Na ji muryata ta fito da Larabcin makaranta, irin wanda Misirawa ke murmushi idan sun ji, na ce, "Na gani. A ɗinkin katifa. Uku ko huɗu."

Lauyan otal ya yi gyaran murya. Dattijon bai ko waiwaya ba.

"Sai kika yi me?"

Na faɗa masa. Keken wanki, lif, saman bene, butar shayi. Goggo kaɗai na cire daga labarin. Ya ajiye biro ya dube ni ta saman tabarau.

"A rana kika shanya ta?"

Na ce e.

Ya girgiza kai, wata 'yar dariya ta kuɓuce masa. "Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, haka take yi a ƙauyenmu. Har da sanda. Amma tata ta auduga ce, 'yata. Wannan sai dai ki ɗumama musu ɗaki." Ya ɗauki biron. "To me ya hana ki faɗa wa shugabarki?"

Na ba shi labarin yarinyar Ard al-Liwa da jakarta. Ya ce a kawo masa takardar da ke bayan ƙofar ɗakin ajiya. Madam ta kawo. Ya juya ta gaba da baya. Rubutu ɗaya ne tak a jiki, na yarinyar nan, har tawadar ta koɗe. Ya yi rubutu mai tsawo a littafinsa.

A nan ne lauyan otal ya ce, "Ya kamata a sani, yarinyar nan ko izinin aiki ba ta da shi. Iƙamar karatu gare ta."

Dattijon ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa.

"Ya ustaz, a kan ƙwaro kotu ta aiko ni. Amma idan kana so in rubuta wa alƙali cewa otal ɗin na ɗaukar ma'aikata ba izini, ga biro a hannuna. In rubuta?"

Manaja ya dubi lauya, lauya ya dubi takalminsa.

"To," in ji dattijon. "Je ki, 'yata."

A baranda lauyar matar ta biyo ni tana son lambar wayata. Na ƙi. Na ce mata saƙo ɗaya nake da shi: ta faɗa wa matar cewa ranar nan da ta ce ba laifina ba ne, akwai laifina a ciki, ta yafe min. Ta ce za ta faɗa. Ban sani ba ko ta faɗa.

Kafin azahar Madam ta karɓi rigar aikina. Ba ta dube ni ba, amma da zan fita ta ce, "Ma'alish," wato yi haƙuri, a hankali, kamar ba da ni take ba. Daga baya Goggo ta ce min otal ɗin sun yi sulhu da matar, maganar ba ta yi nisa a kotu ba. Ta ce an kuma sauya takardar bayan ƙofa da sabuwa fil, har yanzu dai kallo ake yi mata.

Makonnin da suka biyo baya, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu sai in ƙi buɗewa, ko da mai kawo tulun gas ne. Na daina fita sai makaranta. Ranar sabunta iƙama tare da Yaya muka je, tun da sassafe muka kama layi. Da na miƙa fasfona, jami'in ya daɗe yana kallon na'urarsa, ni kuwa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ashe hira yake da na kusa da shi. Ya karɓi takardun ya ce in dawo in karɓa. Makon jiya na karɓo, shekara guda cur. Na zauna a kan matakalar wurin, Yaya ya sayo min ruwan rake.

Ban sami wani aikin ba tukuna.

Ranar da na karɓo iƙamar, da yamma na kira Inna na ba ta labarin gaba ɗaya, karo na farko. Ta saurara ba ta katse ni ba, sai "uhm" da "to" da "Allah ya tsare". Da na zo wurin kotu ta ce na yi daidai, ta sa min albarka.

"Wai ni kam," in ji ta, "katifar nan da kika kai rana, kin juya ta kuwa?"

Na ce a'a, Inna, nauyi gare ta.

"To ai ka ji," in ji ta. "Ai sai an juya."